Gyara ko Juyi: Karatun Littattafai Uku a Bakin Ramukan Zinaren Anka

Gabatarwa

Duk inda aka zauna muhawara a kan tazarar da ke tsakanin masu hali da marasa hali, ba a jimawa sai zance ya rabu gida biyu. Wasu su ce ginin al'umma yana nan da ƙwarinsa, yaɓe da toshe ɓaraka kawai yake bukata. Wasu kuma su ce gara ta riga ta cinye harsashin, babu abin da ya rage illa a rushe a sake sabon gini. Ɓangaren farko su ne masu ra'ayin gyara, na biyu kuwa masu ra'ayin juyin juya hali. Marubutan ƙasar Hausa sun fi shekara 200 suna cikin wannan ja-in-ja, tun kafin kalmomin jari-hujja da gurguzu su shigo bakinmu.

Wannan maƙala za ta duba littattafai uku da suka taɓo batun ta fuskoki daban-daban: Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Tazyinul Waraƙat na ƙanensa Malam Abdullahi, da ƙagaggen labarin Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Biyun farko da Larabci suke, amma a ƙasar Hausa aka rubuta su, a kan mutanenta, kuma mai nazarin tunanin siyasa a adabinmu ba shi da hanyar tsallake su. Za a gwada su duka a wuri guda, wato yammacin Zamfara, yankin Anka da Bukkuyum da Gummi. An zaɓi yankin ne domin ya ɗanɗana abubuwa biyun da ake gardama a kansu: juyin 1804 ya ratsa ƙasar Zamfara, gyaran 1999 kuma a jiharsu aka ƙaddamar da shi.

Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, rubutu a kan zalunci yana yin ƙarko ne gwargwadon yadda ya iya nuna ainihin ƙofar da dukiya ke bi ta fita daga hannun talaka. Da wannan ma'auni ya kamata a auna gyara da juyi baki ɗaya. Wanda ya toshe ƙofar ya yi aiki, ko da wane suna ya kira kansa. Wanda ya sauya mai gadi ya bar ƙofar a buɗe kuwa, ubangida kawai ya sauya wa talaka.

Zinare a Ƙasa, Dalma a Jini

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga da suma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare a yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Maza su haƙo shi a rami, a kawo gida a farfasa, a niƙa da irin injin da aka saba niƙa hatsi da shi, a wanke garin, sannan a kama zinaren da zaiba. Ƙurar niƙan ta riƙa sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, a kan tabarma da kwanon abinci. Ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da 'Yargalma da Tungar Guru suka binne 'ya'yansu. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an daɗe ana jiran Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin.

Me ya sa magidanci zai mayar da gidansa wurin niƙa dutse? Tsakanin 2001 da 2010 farashin zinare a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau huɗu, alhali noman damina ɗaya da ƙyar yake kai iyali kaka ta gaba. Ga kuma doka: Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, lasisi kuma daga Abuja yake fitowa. Saboda haka mutumin da ke tono a gefen gonar kakansa, a idon doka mai haƙa ba bisa ƙa'ida ba ne. Wanda doka ba ta san da zamansa ba, ba a gina masa wurin sarrafawa mai aminci, ba shi da inda zai kai ƙara idan an tauye shi a awo, kuma dole ya sayar wa dillalin da ya zo ƙofarsa a farashin da dillalin ya yanka. A Afrilun 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya, ba a ɗage haramcin ba sai Disambar 2024, amma ramukan ba su rufe ba, da yawa dai suka koma ƙarƙashin masu bindiga.

Haka tazarar take idan ta sauko daga takarda zuwa ƙasa. Zinare ya tafi, dalma ta zauna. Yanzu sai a ga wanne daga cikin littattafan nan uku zai iya yi wa mutumin Dareta bayanin halin da yake ciki.

Kitabul Farƙ: Ƙarfin Lissafi

Shehu Usmanu ba baƙo ba ne a Zamfara. Ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta kafin jihadi, ya kuma zauna a Faru, don haka ya ga mulkin sarakunan zamanin daga inda talaka ke kallonsa. Kitabul Farƙ ƙaramin littafi ne da ya kasu kashi biyu. Kashin farko yana jero ɗabi'un mulkin da Shehu ya ƙi, na biyu yana shimfiɗa yadda ya kamata mulkin Musulunci ya kasance.

Wanda ya shiga littafin yana neman adon magana zai fito hannu rabbana. Babu tauraro, babu labari, kuma siffantawa ba ta da yawa. Salonsa jeri ne, kowane sashe yana buɗewa da irin lafazin da ya buɗe na gabansa, kamar mai karanta tuhuma a gaban alƙali. Amma a tsakiyar wannan Larabci sai mai karatu ya riƙa cin karo da kalmomin Hausa tsirara: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa, kamuwa, gado. Tawasa shi ne naman da ake karɓa daga mahauta a kasuwa. Kamuwa ita ce kama dabbobin dakon mutane ba da izninsu ba don ɗaukar kayan sarki. Gado kuwa a nan yana nufin cinye dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu. Ya kuma ambaci karɓar dukiya a madadin hukunci, da ba alƙali toshiyar baki, da rufe ƙofa ga mabukata.

A nan gwanintar littafin take. Malami mai zurfin ilimi irin Shehu yana iya cewa sarakuna azzalumai ne ya kawo aya da hadisi ya rufe littafi, ba wanda zai ce ya gaza. Sai ya ƙi tsayawa a nan. Ya bar kowane nau'in zalunci da sunan da kasuwa ta san shi da shi, ta yadda makiyayin da aka fassara wa littafin zai gane saniyarsa a ciki, mahauci ya gane tsokarsa. Kowace gaɓa tana amsa tambaya huɗu: wa ke karɓa, daga hannun wa, a ina, kuma da wane suna. Kashi na biyu ma bai bar lissafi ba. Ya taƙaita manyan muƙamai zuwa huɗu, wato waziri da alƙali da shugaban masu tsaro da mai tara haƙƙoƙin dukiya, ya kuma fayyace hanyoyin da kuɗi ke shiga baitulmali da inda ya halatta a kashe su.

An saba karanta Kitabul Farƙ a matsayin hujjar juyi, kuma lalle ya yi wannan aiki. Amma zubinsa zubin mai binciken kuɗi ne. Da wani sarkin Haɓe ya ɗauke shi ya soke abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da ya zama littafin gyara ba tare da an sauya masa harafi ba. Giɓin da mai nazari zai iya gani a cikinsa shi ne, ya jingina toshe waɗannan ƙofofi ga nagartar mai mulki da tsoron Allahnsa da shawarar malamai. Idan mai mulkin ya kauce, talaka ba shi da wani makami a hannunsa face alƙalin da mai mulkin ya naɗa. Littafi na biyu shi ya nuna abin da wannan giɓi ya haifar.

Tazyinul Waraƙat: Washegarin Nasara

Zamfarawa suna da tsohuwar ƙullalliya da Gobir, wadda ta ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 ta tarwatsa gidan sarautar da daga baya ya zauna a Anka. Don haka da rikici ya ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa a 1804, da yawansu suka karkata ga jama'a. Bayan asarar da aka yi a Tsuntsuwa, ga yunwa ga ciwo, jama'a suka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805. Runduna mai dubban mutane dole ta ci abinci, abincin kuwa a rumbun manomi yake. Ba a jima ba zumuncin ya yi tsami, garuruwan Zamfara da dama suka juya baya. Muhammadu Bello bai ɓoye ba a Infaƙul Maisur cewa zaluncin da wasu daga cikin mutanensu suka yi yana cikin dalilan wannan juya baya. Ke nan manomin Zamfara yana cikin waɗanda suka fara biyan kuɗin juyin da aka tayar domin kawar da zalunci.

Malam Abdullahi shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto, ba mai kallo daga nesa ba ne. Amma a 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan ƙa'idojin mulki, sannan ya komo. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa a Tazyinul Waraƙat, yana haɗa su da zuben da ke bayyana lokacin da aka yi kowacce da dalilinta.

Wannan zubi na waƙa da zube shi ya ba littafin ƙarfinsa, domin mai karatu yana bin zuciyar mutum ɗaya shekara bayan shekara. Farkonsa yabon malamai ne da murnar nasara. Can ciki sai murya ta sauya. Marubucin yana makokin abokansa na ƙwarai da suka yi shahada, yana kuka da waɗanda suka rage, waɗanda himmarsu ta koma ga neman mulki da muƙami da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakin ado, ana kuma sayar da hukunci. Wanda ya karanta Kitabul Farƙ zai ji ya san wannan jeri. Laifuffukan su ne dai, masu aikata su ne suka sauya, yanzu daga cikin gida suke.

Babu mai adalcin da zai musa abin da jihadi ya kawo: yaɗuwar ilimi har cikin mata ta hanyar 'yan taru na Nana Asma'u, da shari'a guda a ƙasa mai faɗi, da tarin littattafan da har yau ake sha daga gare su. Amma ta fuskar rumbun manomi da garken makiyayi, aikin bai cika ba. Jangali da gaisuwa sun sake tsirowa a masarautun daular, Turawa suka zo suka tarar da su, suka tsara su a littafin En'e. Darajar Tazyinul Waraƙat ita ce, ɗaya daga cikin jagororin juyi ne ya rubuta abin da ya biyo bayan nasara ba tare da ya yi wa ɓangarensa kara ba. Abin lura kuma shi ne maganin da ya zaɓa. Bai kira a sake ɗaura yaƙi a kan sababbin masu mulki ba. Ya koma ga alƙalami yana rubuta musu iyakokin da ba za su ƙetare ba.

Daga Maru Zuwa 1979

Muhawarar ta sake tasowa a Zamfara cikin sabuwar riga a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da malamai biyu matasa suka haɗu a Maru: Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Mahmud, ɗan garin Gummi. Dukansu sun yi karo da masu riƙe da al'amura a wancan lokaci, amma hanyoyinsu suka rabu. Malam Abubakar Gumi ya zaɓi aiki daga cikin tsarin, har ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya shiga NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan wannan shekara, wadda sanarwarta ta Sawaba ta bayyana ƙarara cewa akwai gwagwarmayar aji tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa.

Harshen NEPU harshen juyi ne, kuma 'ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a kansa. Amma makamanta ƙuri'a ce da waƙa da lacca, ba ta taɓa kafa runduna ba. Ba ta kuma ci mulki ba. Sai a 1979, da magajiyarta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Wannan abu ne da ya kamata mai nazarin Kitabul Farƙ ya tsaya a kansa. Jangalin da Shehu ya sa a sahun farko na tuhumarsa, wanda ya tsallake takobin 1804 da bindigar 1903, da sa hannun zaɓaɓɓen gwamna aka kawar da shi a waɗannan jihohi. An iya yin haka ne domin abin da ake nema yana da suna, kowane talaka ya san nawa ake karɓa a hannunsa da ranar da ake zuwa karɓa.

Ƙarshen Alewa Ƙasa: Bindiga Babu Lissafi

Littafi na uku ya fito ne daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya a 1980, aka buga shi a 1982. Tauraronsa Mailoma, ɗan asalin Maguzawa, ya fito daga yaƙin basasa da sanin makami da zuciyar da ta bushe, ya tara irinsa ya kafa ƙungiyar ta'addanci. Bature Gagare ya kauce wa al'adar ƙagaggun labaran da suka gabace shi, inda tauraro kan zama abin koyi. Ya ɗora labarinsa a kan mugu, ya bar mai karatu ya zauna da shi tsawon littafi.

Muhimmancin littafin ga wannan muhawara shi ne ya nuna abin da ke faruwa idan ɓacin rai da makami suka haɗu babu lissafi a tsakaninsu. Mailoma ya fito daga gefen al'umma, daga mutanen da aka daɗe ana rainawa, ƙasa ta yi amfani da ƙarfin irinsa a fagen daga. Duk kayan haɗin ɗan juyi suna tare da shi. Abin da ba shi da shi shi ne jerin ƙofofin da yake son toshewa. Don haka ƙarfinsa bai rushe tsarin cin zali ba, sabon reshe ya buɗe masa.

Mai karatu a 1982 yana iya ɗaukar littafin a matsayin labarin ban tsoro na nishaɗi. Mai karatu a Anka ko Gummi a yau zai karanta shi kamar labaran rediyo. Koke-koken da aka fara ji daga makiyaya a Zamfara ba ƙage ba ne: an nome burtali da makiyaya, an tatse su a hannun wasu masu unguwanni da jami'an tsaro da kotuna, 'yan sa-kai sun kashe masu laifi da marasa laifi. Wasu jagororin 'yan bindiga har yau da wannan suke kafa hujja. Amma me bindigar ta haifar? A farkon Janairun 2022 an afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai kusan 200. Ƙauyuka da dama suna haɗa kuɗi su kai daji kafin a bar su su yi shuka, su sake haɗawa kafin girbi. Makiyayi mai ƙaramin garke ma bai tsira ba, shanunsa na cikin na farko da aka kora. Wannan kuɗin gari ne da jangali da kamuwa suka dawo, mai karɓa ne kawai ya sauya.

Littafin yana da nasa rauni. Haskensa yana kan tauraro da yaransa, waɗanda ake zalunta ba su sami irin wannan fili ba. Karin maganar da aka yi wa littafin take da ita kuma tana ba mai karatu wata natsuwa tun daga bango, cewa mugunta ita ke kashe kanta. Abin da Zamfara ta gani shi ne alewar takan daɗe ba ta kai ƙasa ba, kuma kafin ta kai ta lashe garuruwa.

Hujjar Masu Juyi

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu tana da nauyi, kuma daga Zamfara suke ɗauko ta. Za su ce: a Afrilun 1980 manoman Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara sun tare hanyoyi suna neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutanen da har yau ana saɓani a kan yawansu. Za su ce Balarabe Musa, wanda ya soke haraji, majalisa ta tsige shi a 1981. Za su ce yaran Bagega sun yi shekara uku suna shaƙar guba kafin a saki kuɗi. Za su ƙara da cewa ranar 27 ga Oktoban 1999 an yi gagarumin taro a Gusau aka ƙaddamar da shari'a, talakawa suka yi tururuwa da fatan adalci ya zo, a Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a kan satar saniya, amma shekara goma bayan haka yara suka mutu a kan zinaren da iyayensu ba su da haƙƙin mallaka. Idan wannan ne gyara, in ji su, to haƙuri ya ƙare.

Duk abin da suka lissafa ya faru. Amma idan aka auna shi da ma'aunin Kitabul Farƙ, za a ga inda matsalar take. Gyaran 1999 ya ƙarfafa hukunci, ya kafa hukumar zakka da waƙafi, ya hana wasu munanan ɗabi'u. Bai kai ga manyan ƙofofin ba: wa ke raba gonaki da dazuzzuka, wa ke da iznin haƙar ma'adini, ina kason jiha da na ƙananan hukumomi ke tafiya. Wasu daga cikin ƙofofin ma makullinsu yana Abuja. Littafin Shehu kuwa da masu mulki ya fara tuhumarsa kafin ya waiwayi kowa. Gazawar irin wannan gyara hujja ce a kan gyaran da ya tsaya a rabin hanya, ba ta zama hujjar ɗaukar makami ba.

Sannan akwai tambayar da masu kiran juyi ba su cika amsawa ba: rundunar juyin daga rumbun wa za ta ci? Sabon Gari ta amsa a 1805, dazuzzukan Anka suna amsawa a yau. A yankin da makamai suka riga suka yi yawa, duk wanda ya ce a rushe, ya sani cewa masu bindigar da ke ƙasa su za su gaji kangon, kuma an ga irin mulkinsu. Mai hali yana da gida a Gusau ko Abuja da zai koma. Wanda ba shi da inda za shi shi ke zama a ƙarƙashin ginin da ake rushewa.

Kammalawa

Littattafan uku sun raba aiki a tsakaninsu. Kitabul Farƙ ya koyar da yadda ake kiran zalunci da sunansa. Tazyinul Waraƙat ya nuna cewa kawar da azzalumi ba ya toshe ƙofar da ya bi ya yi zaluncin. Ƙarshen Alewa Ƙasa ya nuna makomar fushin da ya sami makami bai sami manufa ba. Idan aka haɗa su, hukuncin da suke bayarwa ya karkata ga gyara, amma da sharaɗi mai tsauri: gyaran ya taɓa rabon arziki, ya kasance yana da abin da za a ƙirga, kuma talaka ya sami hanyar tuhumar wanda ya saɓa. Abin da bai cika wannan sharaɗi ba kwaskwarima ce, kuma kwaskwarima ita ke haifa wa masu bindiga magoya baya.

A yammacin Zamfara jerin ba ɓoyayye ba ne. Lasisin da ƙungiyoyin ƙananan masu haƙa za su iya samu ba tare da sun je Abuja ba. Wurin niƙa dutse a bayan gari, inda ake niƙa da ruwa don kashe ƙura. Cibiyar sayen zinare mai ma'auni a fili da farashi a rubuce. Kason da zai dawo wa garin da aka haƙa a ƙasarsa. Burtalin da aka shata aka kuma kare. Kotun da makiyayi da manomi za su shiga ba tare da sun sayar da sa ko buhun gero ba.

Nauyin da ke kan marubutan wannan zamani ya fito daga nan. Adabinmu ya ƙware wajen zana mugun attajiri da azzalumin basarake, ya kuma ƙware wajen sa su su yi mummunan ƙarshe a babin ƙarshe. Abin da ake jira shi ne marubucin da zai bi ƙwayar zinare ɗaya daga ramin Bagega, ta hannun mai niƙa da dillali da mai bindiga da mai lasisi, har zuwa kasuwar Dubai, ya faɗi abin da kowannensu ya samu da sunan da ake kiran rabonsa, ya kuma faɗi abin da ya rage a tsakar gidan da aka niƙa dutsen.